Yadda Muka Kai Koken Asibitin Garinmu Gaban Majalisar Wakilai

A shekarar 2022 aka fara gina ƙaramin asibiti a garinmu, aka kai ginin linta, sannan magina suka kwashe kayan aikinsu kafin damina ta sauka, ba su sake waiwayarmu ba. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garin, saboda haka a wuyana aka rataya bin sawun maganar, kuma bin sawun ne ya kai mu har gaban kwamitin Majalisar Wakilai mai karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a a Abuja. Tun daga lokacin mutanen garuruwan da ke kewaye da mu suke zuwa suna tambayata ta ina ake farawa, kuma nawa ake kashewa, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya gudana daki-daki, domin wanda zai bi wannan hanya ya san abin da zai tarar.

Abin da ya fara cin lokacinmu shi ne gano ko aikin na wane ne. Iska ta riga ta kayar da allon kwangilar, yara kuma sun yi awon gaba da shi. A sashen lafiya na ƙaramar hukuma aka ce mana babu wannan gini a cikin takardunsu. Daga nan muka je wurin ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu, wanda ya karɓe mu a zaurensa bayan sallar la'asar, ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya yi mana bayanin da ya zama tushen duk abin da ya biyo baya. Ya ce ikon da sashe na 128 da na 129 na tsarin mulkin 1999 suka ba majalisar jiha na yin bincike da kiran jami'ai ya tsaya ne a kan abin da majalisar jihar take yi wa doka ko take ware wa kuɗi. Idan kuɗin aikin daga kasafin tarayya suka fito, to majalisar tarayya ce take da hurumin tuhumar wanda ya kashe su, a ƙarƙashin sashe na 88 da na 89. Ya ce mana, "Malam, ku fara gano aljihun da kuɗin suka fito, sai ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa." Allah ya taimake mu wani matashi ya taɓa ɗaukar hoton allon da wayarsa ranar da aka kafa shi, kuma a hoton muka ga sunan hukumar tarayya da ta bayar da kwangilar, da sunan kamfanin, da sunan tsohon ɗan majalisar wakilanmu a matsayin wanda ya kawo aikin.

Da wannan hoto muka shiga neman aikin a cikin kasafin kuɗi. Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana saka dokar kasafin kowace shekara a shafinsa na intanet, kowa yana iya saukewa kyauta, sai dai kundi ne mai shafuka sama da dubu, kuma a waya ba ya karantuwa da daɗi. Mun zauna a shagon wani mai kwamfuta a hedikwatar ƙaramar hukuma muna neman sunan garinmu, bai fito ba, sai da muka gwada rubuta shi ta hanyoyi daban-daban, domin wanda ya buga takardar ya sauya harafi guda a cikin sunan. A kasafin 2021 muka same shi, kuma abin da ya ba mu mamaki shi ne hukumar da aka saka aikin a ƙarƙashinta ba ta da wata alaƙa da kiwon lafiya, harkarta ta shafi noma ce. Daga baya na fahimci cewa wannan ba baƙon abu ba ne a ayyukan mazaɓu, waɗanda a wancan lokacin ake ware musu naira biliyan 100 a kowace shekara: ɗan majalisa ne yake zaɓen aikin da wurin da za a yi shi, amma wata hukuma ta ɓangaren zartarwa ce take bayar da kwangila, ta sa ido, ta biya. Ƙungiyar BudgIT, wadda take bin diddigin irin waɗannan ayyuka ta hanyar shirinta na Tracka, ta sha kokawa a kan yadda ake jibga ayyuka a hukumomin da ba su da ƙwarewar duba su. Mai shagon ya kuma nuna mana shafin da gwamnati ta buɗe a watan Disamba na 2019 domin wallafa kuɗaɗen da baitulmali yake biya, a can muka ga an tura wa kamfanin kuɗi har kashi biyu da sunan asibitin namu. Muka buga shafukan duka a takarda, muka zagaye layukan da jan biro.

Kafin mu tunkari majalisa, wani lauya ɗan garinmu ya ba mu shawarar mu fara rubuta wa hukumar kanta, muna dogaro da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Mun nemi kwafin takardar bayar da kwangila, da jadawalin kayan aiki da farashinsu, da takardun shaidar matakin da aikin ya kai waɗanda aka dogara da su aka biya kuɗi. Wani ɗan'uwanmu da yake aiki a Abuja ya kai wasiƙar hannu da hannu, ya tsaya sai da aka buga masa hatimin karɓa mai ɗauke da kwanan wata a jikin kwafinmu. Amsa ba ta zo ba. Wasu daga cikin matasanmu suka ce a garzaya kotu, tunda doka ta ba da wannan dama, amma lauyan ya ja hankalinmu cewa majalisa ba ta sauraron maganar da take gaban alƙali, saboda haka sai mu zaɓi ɗaya. Muka zaɓi majalisa, domin ba mu da kuɗin shari'a, kuma shirun da hukumar ta yi mana ya zama hujja ta farko a cikin kokenmu.

Ita takardar koken shafi biyu ce kawai. An rubuta ta da Turanci zuwa ga Kakakin Majalisar Wakilai, ta hannun ɗan majalisarmu, aka jero abin da ya faru da shekarunsa ba tare da zagi ko zargin wani da sata ba, sannan aka rufe da abin da muke roƙo a fili: a gayyaci hukumar da ɗan kwangilar su yi bayani, a sa su koma bakin aiki, idan kuma ba za su koma ba a karɓo kuɗin jama'a. Ni da shugaban ƙungiya muka sa hannu, muka rubuta adireshi da lambar waya, dagaci da limami da shugabar ƙungiyar mata suka sa hannu a takarda ta daban a matsayin masu goyon baya. Muka haɗa da hoton allo, da shafin kasafi, da shafin biyan kuɗi, da wasiƙarmu mai hatimi, da hotunan ginin kamar yadda yake, ciyawa ta cinye shi, awaki suna kwana a ɗakin da aka ce na haihuwa ne.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Talaka ba ya miƙa koke a zauren majalisa da kansa, kuma aika shi ta gidan waya ba ya sa a karanta shi. Dole ne wani ɗan majalisa ya tashi a zaman majalisa ya gabatar da shi. Ofishin mazaɓa na ɗan majalisarmu a kulle muke samunsa duk lokacin da muka je, sai da muka samu lambar ɗaya daga cikin mataimakansa na Abuja, shi kuma ya sanar da mu ranar da maigidansa zai zo gida gaisuwar wata rasuwa. Bayan an yi addu'a an shafa, shugabanmu ya matsa kusa da shi ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanenka ne suka aiko mu da wata 'yar takarda." Ya karanta a tsaye, ya tambayi shekarar da aka saka aikin a kasafi, da ya ji 2021 ce sai fuskarsa ta saki. Ba zan ɓoye ra'ayina a kan wannan ba: an rantsar da majalisa ta 10 ne a watan Yuni na 2023, aikin kuma na wanda ya gada ne, ɗan wata jam'iyyar daban, don haka tono maganar ba zai taɓa shi ba. Da a ce shi ne ya kawo aikin, ina shakkar za a karɓi takardarmu da wannan fara'a, kuma da sai mun nemi sanatanmu, tunda Majalisar Dattawa ma tana da nata kwamitin da yake duba koke-koken jama'a.

Majalisa tana zama ne ranakun Talata, Laraba da Alhamis. Wata Laraba mataimakin ya kira ni ya ce in buɗe tashar majalisa a YouTube. Na ga ɗan majalisarmu ya tashi ya ambaci sunan ƙungiyarmu da taƙaitaccen abin da muke kuka a kai, ya nemi izinin ajiye takardar, aka ba shi, ya je gaba ya rusuna ya ajiye, shugaban zaman ya ce an miƙa ta ga kwamitin ƙorafe-ƙorafen jama'a. Duka abin bai kai minti biyu ba. A garinmu kuwa labari ya bazu cewa an gama magana, har wasu suna tambayata ranar da za a kawo kwanon rufi.

Abin da ya biyo baya jira ne. Kokenmu ya shiga a tsakiyar shekarar 2024, majalisa kuma takan tafi dogon hutunta daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba. Bayan sun dawo na je ofishin akawun kwamitin da kaina. Na bi jirgin ƙasa daga tashar Rigasa a Kaduna, na sauka a Kubwa na kwana wurin ɗan'uwa, da sassafe na kama hanyar harabar majalisa. A ƙofa ana tambayar katin shaida da sunan wanda za ka gani, kuma sai ofishin da kake nufi ya tabbatar da zuwanka kafin a ba ka katin baƙo, saboda haka wanda ba shi da lambar kowa a ciki zai iya wuni a rana. A je da shiga ta kamala, babbar riga ko kaftani da hula sun wadatar. Ma'aikatan ofishin akawun sun duba rajistarsu suka ba ni lambar da aka yi wa kokenmu, suka ce in kawo kwafi goma na cikakken bayani da hujjoji a ɗaure, da kwafi guda a na'ura. Ban biya ko sisi ba a wannan ofis, kuma babu wanda ya nema. Kuɗin da muka kashe na mota ne da jirgi da abinci da buga takardu, kuma a farashin wancan lokacin tafiyar mutum biyu ba ta gaza naira 100,000 ba, kuɗin da muke tarawa ta hanyar karo-karo bayan sallar Juma'a.

Takardar gayyata ta iso ta WhatsApp, da rana da lambar ɗaki. Muka tafi ni da shugaba da wani dattijo wakilin dagaci. Ɗakin cike yake da jama'a, domin koke-koke da yawa ake jerawa a rana ɗaya: ga wanda aka kora daga aiki, ga 'yan fansho, ga masu rikicin fili da wata hukuma, ga lauyoyi da manyan jakunkuna. An rubuta ƙarfe goma, amma 'yan kwamitin suna da zaman zauren majalisa da wasu kwamitocin, don haka sai bayan azahar aka kira mu. Akawu ya karanta wasiƙar da hukumar ta aiko cewa shugabanta ya yi tafiyar aiki, yana roƙon a sa wata rana. Aka ɗage. Mun fito jiki a sanyaye, dattijon nan bai ce uffan ba har muka isa tasha. A zama na gaba hukumar ta turo wani ƙaramin jami'i wanda bai zo da fayil ba, shugaban kwamitin ya ƙi sauraronsa, ya ce masa majalisa ba ta gayyaci ɗan aike ba, ya kuma tunatar da shi cewa sashe na 89 ya ba majalisa ikon bayar da sammacin kamo duk wanda aka kira ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba, 'yan sanda kuma su zartar. Na ji daɗin wannan magana a lokacin, ko da yake wani ɗan fansho da yake zaune kusa da ni, wanda ya daɗe yana zarya a ɗakin, ya raɗa mini cewa ya sha jin wannan barazana, bai taɓa ganin an shigo da kowa da ankwa ba.

Abin da ya kawo shugaban hukumar, a fahimtata, lokaci ne. Shugaba Tinubu ya gabatar da kasafin 2025 a watan Disamba na 2024, bayan haka kuma kowace ma'aikata da hukuma sai ta bayyana gaban kwamitin da yake kula da ita ta kare abin da take nema, ta kuma yi bayanin yadda ta kashe na bara. Mataimakin ɗan majalisarmu ya ba mu shawarar mu kai kwafin kokenmu ga akawun wancan kwamitin ma, muka kai. Shugaban hukumar da yake neman a amince masa da kasafi ba ya son a tarbe shi da maganar cewa ya raina gayyatar wani kwamiti na majalisar. A zaman da ya biyo baya sai ga shi da kansa, da daraktan ayyuka, da lauya, da ɗan kwangilar da muka fi shekara biyu ba mu sa shi a ido ba.

An rantsar da mu da Alƙur'ani kafin mu yi magana. Aka ba ni 'yan mintuna, na tsaya a kan abin da yake cikin takarda ban ƙara komai ba. Da aka zo kan wakilin dagaci sai ya ce shi ba ya jin Turanci, wani ɗan kwamitin daga Arewa ya ce, "Baba, yi maganarka da Hausa, ni zan fassara." Sashe na 55 na tsarin mulki ya ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci a cikin harsunan da majalisa za ta iya aiki da su idan an yi tanadin da ya dace, amma a aikace alfarmar wannan bawan Allah muka ci. Dattijon ya faɗi nisan da mata masu naƙuda suke yi a bayan babur zuwa asibiti mafi kusa, da yadda rafi yake raba mu da titi idan ruwa ya yi yawa. Daga nan daraktan ayyuka ya ce a rubuce yake a wurinsu cewa aikin ya wuce rabi nesa ba kusa ba, har an yi rufi, kuma abin da ya tsayar da shi shi ne baitulmali bai saki ragowar kuɗin ba. Shugaban kwamitin ya ɗaga hotonmu ya tambaye shi ina rufin yake. Ya nemi a nuna masa takardar shaidar da aka dogara da ita aka yi biya na biyu, da sunan injiniyan da ya sa mata hannu, da ranar da ya je garinmu. Daraktan ya juya ya dubi lauya, lauya ya dubi ɗan kwangila. Ɗan kwangilar ya kawo maganar tsadar siminti da ƙarfe, wadda gaskiya ce a kanta, sai wani ɗan kwamitin ya tuna masa cewa ya bar wurin tun 2022, kafin cire tallafin man fetur na 2023 ya ɗaga farashin komai. Kwamitin ya umarci hukumar ta tura injiniya ya duba ginin tare da wakilanmu, a kawo rahoto mai sa hannun ɓangarorin biyu. Injiniyan ya zo, ya auna, muka karanta abin da ya rubuta kafin mu sa hannu.

Sai da aka ƙara wasu watanni kafin kwamitin ya gabatar da rahotonsa a zauren majalisa, aka amince da shawarwarinsa: hukumar ta mayar da ɗan kwangila bakin aiki cikin wa'adin da aka ɗiba, idan ya gaza a miƙa maganar ga hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci da rashawa, wadda tun 2019 take da shirin bin sawun ayyukan mazaɓu, sannan kwamitin da yake tabbatar da bin ƙudurorin majalisa ya sa ido. Na nemi kwafin takardar bayanin zaman majalisa na wannan rana, inda ƙudurin yake a rubuce, kuma ina ba kowa shawarar ya nemi tasa, domin ita ce abin da za ka riƙa nunawa a ofisoshi. Ya kamata a sani cewa ƙudurin majalisa ba doka ba ne, kuma ba hukuncin kotu ba ne. Sashe na 88 ya ba majalisa ikon bincike ne domin ta gyara dokoki ta kuma fallasa cin hanci da sakaci da almubazzaranci, bai ba ta ikon ɗaure kowa ko ɗaukar cebur ta yi gini ba. Abin da take da shi shi ne ta tilasta wa jami'i ya zo ya amsa tambaya bisa rantsuwa a gaban jama'a da 'yan jarida, sannan ta riƙe masa wuya a lokacin kasafi. Mun ci gaba da rubuta wasiƙar tuni ga hukumar da kwamitin sa ido, kowacce da kwafin ƙudurin a manne, har ranar da motar yashi ta shigo gari.

Wanda zai bi wannan hanya ya lura da kalandar majalisa fiye da yadda yake lura da zafin zuciyarsa. Koken da ya shiga dab da dogon hutu zai kwanta, wanda ya shiga a shekarar zaɓe zai tarar da kujeru babu kowa, kuma idan wa'adin majalisa na shekara 4 ya ƙare ba a kammala ba, sai an sake gabatar da shi a sabuwar majalisa. Ya riƙe lambar akawun kwamiti da ta mataimakin ɗan majalisa, domin su ne suke sanin ranar zama da ranar da aka ɗage, kuma kiran waya kafin a hau mota ya sha cece mu daga asarar kuɗin hanya. Kada ya tafi a ranar da aka kira shi ba tare da asalin takardunsa ba, kada kuma ya ƙi zuwa don ya ji ɗaya ɓangaren ba zai zo ba, domin ana iya watsar da koken wanda bai bayyana ba. Haka nan a rubuta duk kuɗin karo-karo da yadda aka kashe su a karanta wa jama'a, tunda masu zuwa tuhumar hukuma a kan kuɗi su ma za a tuhume su a gida, ni ma an tuhume ni, littafin ƙungiya ne ya fitar da ni.

Yanzu an yi rufi, an yi shafe, an sa ƙofofi da tagogi, sai dai babu gado ko ɗaya a ciki, babu kuma ma'aikaci. Kwangilar gini ce kawai, tura ma'aikatan jinya da ungozoma kuwa aikin hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha ne tare da ƙaramar hukuma. Muna kuma son a saka asibitin cikin waɗanda suke cin gajiyar asusun kula da lafiya na bai-ɗaya da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma ta hannun jiha ake zaɓen asibitocin. Mun rubuta wa hukumar jihar, an buga mana hatimin karɓa, mun kuma shirya sabon koke zuwa ga kwamitin lafiya na majalisar dokokin jiha, wanda za mu miƙa idan wa'adin da muka ba su ya cika a ƙarshen wata mai zuwa.